Tambayoyin Masu Karatu: Dogayen Kalmomin Turanci da Abin da Suke Nufi

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare a Zariya. Gardama ta ɓarke tsakanina da abokaina a kan kalmar da ta fi kowace tsawo a Turanci, har wani ya rubuta mana wata mai haruffa sama da 40 a allo, ya ce sunan ciwo ne. Shin gaskiya ne, ko dai ƙirƙirar ta ya yi don ya rufe mana baki?

AMSA: Ɗana, abokinka bai yi ƙarya ba, kuma na tabbata kalmar da ya rubuta ita ce pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis, mai haruffa 45, wadda aka fi ambata a matsayin mafi tsawo a manyan ƙamusoshin Turanci, har da na Oxford. Amma kafin ka tsorata da ita, ɗauki alƙalami ka yanka ta gunduwa-gunduwa kamar yadda ake sassara rake, za ka ga gaɓoɓi shida ne kawai aka jona. Pneumono na nufin huhu, daga harshen Girka. Ultra na nufin abin da ya wuce misali. Microscopic shi ne abin da ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Silico ma'adinin nan ne da ke cikin yashi da duwatsu, volcano dutse mai aman wuta, coniosis kuwa cutar da ƙura ke haddasawa. Idan ka haɗa su sai ka sami ciwon huhu da shaƙar ƙurar dutse mai laushin gaske ke kawowa.

Abin da ya kamata ka gaya wa abokanka shi ne, ba likitoci ne suka ƙago wannan kalma ba. A shekarar 1935 aka ƙirƙire ta a taron wata ƙungiyar masu wasan wasa ƙwaƙwalwa da kalmomi a Amurka, kuma ana danganta ta da shugaban ƙungiyar na lokacin, Everett Smith, wanda burinsa shi ne a sami kalmar da ta zarce kowace tsawo. Cutar ita kanta gaskiya ce, kuma tana kama masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai waɗanda suke shafe shekaru cikin farar ƙura ba tare da rufe hanci ba, sai dai likita zai rubuta mata silicosis ne, haruffa tara rak.

Akwai wasu biyu da suke bi mata a suna. Floccinaucinihilipilification tana da haruffa 29, kuma ma'anarta ɗaukar abu a matsayin banza marar amfani. An gina ta ne daga ƙananan kalmomin Latin guda huɗu da ɗaliban Ingila suke haddacewa a darasin nahawu: flocci, wato ɗan guntun ulu, nauci, abu marar daraja, nihili, babu, da pili, silin gashi. Tun 1741 aka gan ta a rubuce, kuma a 2012 ɗan majalisar Birtaniya Jacob Rees-Mogg ya furta ta a zauren majalisa. Da Bahaushe ne sai ya ce raini, ko ya ce an mai da abu ba a bakin komai ba.

Ta ukun ita ce ta fi burge ni, domin ita tarihi ne a dunƙule: antidisestablishmentarianism, haruffa 28. Tushenta establish, wato kafawa, kuma a nan ana nufin kafa Cocin Ingila a matsayin cocin hukuma. Da aka sami masu neman a raba cocin da gwamnati a ƙarni na 19, sai aka ƙara dis a gaba, wadda ke warware aiki, aka ƙara ment a baya don ta zama suna. Masu adawa da wannan rabuwa suka sami anti, arian ta nuna mai riƙe da ra'ayin, ism kuma ta mai da shi aƙida. Rikicin ba na fatar baki ba ne, domin dokar 1869 ta zamanin firaminista Gladstone ta raba cocin da hukuma a Ayalan, aka yi haka a yankin Wales a 1920, amma a Ingila kanta har yau sarki ne shugaban cocin.

Idan wani ya kawo muku sunan sinadarin titin da ke cikin tsokar jiki, wanda ake cewa cikakken sunansa ya kai haruffa 189,819, ku sani jerin sunayen sinadaran da suka haɗu ne aka lissafa a jere, kuma masu ƙamus ba sa ƙirga shi a cikin kalmomi.

TAMBAYA: Malam, an ba mahaifiyata takarda a asibiti aka ce mu kai ta sashen otorhinolaryngology. Hankalina ya tashi ƙwarai don na zaci wata muguwar cuta ce. Me ya sa likitoci suke son irin waɗannan kalmomi? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Malama, Allah ya ba Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, wannan sunan sashe ne, ba sunan cuta ba. Oto kunne ne, rhino hanci, laryngo maƙogwaro, logy kuma ilimi ko fanni, wato dai sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda a yawancin asibitocinmu za ki ga an rubuta ENT a bakin ƙofarsa.

Wannan tambaya ta taɓa ni, domin na taɓa ganin wani dattijo zaune a kan benci a farfajiyar wani asibiti, ya riƙe takardarsa da hannu biyu yana juya ta, idonsa ya kaɗa, saboda an rubuta masa gastroenteritis kuma babu wanda ya tsaya ya fassara masa. Abin da ke damunsa gudawa da amai ne, waɗanda ya riga ya san yana fama da su tun daga gida. Gastro tumbi, entero hanji, itis kumburi.

Likitoci sun gaji waɗannan kalmomi ne daga Girkanci da Latin, harsunan da aka daɗe ana rubuta ilimin likitanci da su a Turai, kuma amfaninsu shi ne likitan Kano da na Alƙahira da na Landan su fahimci abu guda ba tare da ruɗani ba. Ina ba ki shawara ki riƙe ƙarshen kalmomi guda huɗu, za su yi miki amfani har abada. Duk inda kika ga itis, kumburi ne, shi ya sa hepatitis take nufin kumburin hanta. Ectomy cire wani abu ne ta hanyar tiyata. Scopy leƙa cikin jiki ne da na'ura. Algia kuwa ciwo ne ko raɗaɗi. Mu ma Hausawa muna yin irin wannan gini idan muka ce dafa-duka ko faɗi-ka-mutu, bambancin kawai shi ne mun san gaɓoɓin namu tun muna yara. Duk da haka, haƙƙinki ne ki ce wa likita ya yi miki bayani da Hausa, kuma a ganina likitan da ya miƙa takarda ya juya baya bai gama aikinsa ba.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da kayan gini a Kano. Lauyan wani da muke rigimar bashi da shi ya aiko mini da wasiƙa, a samanta an rubuta without prejudice, a ciki kuma akwai notwithstanding da hereinafter referred to as. Ko wannan barazana ce?

AMSA: Alhaji, ba barazana ba ce, hasali ma ta fi kusa da neman sulhu. Idan lauya ya rubuta without prejudice a kan wasiƙar neman sasantawa, yana nufin duk tayin da aka yi a cikinta ba za a ɗauke shi a kai gaban alƙali a matsayin amsa laifi ko yarda da bashi ba idan sulhun ya ci tura. Notwithstanding tana nufin duk da, ko ba tare da la'akari da abin da aka faɗa a baya ba, kuma a kula da ita sosai, domin sau da yawa sharaɗin da ya fara da ita yana danne waɗanda suka gabace shi. Hereinafter referred to as kuwa cewa take yi daga nan zuwa ƙarshen takarda za a riƙa kiran wane da suna kaza, misali mai saye ko mai sayarwa.

Wannan dogon Turanci na lauyoyi yana da asali. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci da Latin suka zama harsunan kotu na ɗaruruwan shekaru, kuma ko da aka yi doka a 1362 cewa a riƙa gabatar da ƙara da Turanci, an daɗe ana ci gaba da amfani da su. Shi ya sa har yau ake jera kalmomi biyu masu ma'ana kusan ɗaya, kamar will and testament ga wasiyya, ko goods and chattels ga kayan da mutum ya mallaka, ɗaya ta Turanci, ɗayar kuma ta zo ta hanyar Faransanci ko Latin. Kotunan Nijeriya sun gaji wannan salo tare da dokokin Ingila.

Abin da na faɗa ma'anar kalmomi ce kawai. Kafin ka ba da amsa ko ka sa hannu a kan komai, ka kai wasiƙar wurin lauyanka, ka sa ya karanta maka ita layi-layi, musamman jimlar da ta fara da notwithstanding, ya gaya maka da Hausa nawa ake nema ka biya ko ka yafe, da kuma ranar da wa'adin zai cika.