Kwamfuta 50 sun ƙi tashi, kai kuma kana neman bashin miliyan 2

Wannan saƙon ya shigo min daga wani ɗan kasuwa a Gombe, na ɗan rage masa tsawo:

"Salamu alaikum Malam. Ina sayar da kwamfutoci na hannu a nan Gombe shekara shida kenan. Wata makarantar kuɗi ta ba ni kwangilar saka Windows da manhajar gwajin jarrabawa a kwamfuta 120, kowace ɗaya naira 4,000, na riga na karɓi 300,000. Ɗan yayata ne ya haɗa min saba yadda kwamfutocin za su tashi ta kebul ɗin netiwok su kwafi imej guda ɗaya ba sai an bi su da falash ba. Guda 70 sun yi lafiya lau, 50 sun ƙi. Wasu suna rubuta lambobi a baƙin allo su tsaya, wasu sun gama kwafa amma sai shuɗin allo. Yaron ya tafi bautar ƙasa kuma wayarsa ba ta cika shiga ba. Ina tunanin cin bashin miliyan 2 in sayi babbar saba da sabon suwic, tunda in na gama wannan duk cibiyoyin CBT na Gombe da Bauchi har Yola ni za su nema. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Toh bari in fara da abin da ba za ka so ji ba, kar ka ci bashin nan. Saba, wato kwamfutar da sauran ke kwafa daga gare ta, in har ta iya ɗora imej (cikakken kwafin Windows da manhajojin) a kwamfuta 70 to ƙarfenta ba shi ne mara lafiya ba, da shi ne da ko guda ɗaya ba za ta tashi ba. Na karanta saƙonka sau uku ina neman abu ɗaya ban gani ba. Ka ce "wasu suna rubuta lambobi". Waɗanne lambobi? Guda nawa ne suke rubutawa? Dell ne ko HP ko Lenovo? Wane samfuri? Ba ka faɗa ba, kuma na san dalili, ba ka rubuta ba ne. Yaron ma bai rubuta ba. Nan ne ciwon yake, ba a ƙarfen saba ba.

Abin mamaki kai ɗan kasuwa ne, na tabbata in wani ya karɓi caja ta naira 5,000 bashi a shagonka kafin ya kai bakin titi ka shigar da sunansa a littafi da kwanan wata. Amma aikin 480,000 sukutum ka bar shi a cikin kan yaro guda, yaron kuma ya ɗauki kansa ya tafi da shi sansanin bautar ƙasa. Ni ban ga laifinsa ba fa. Kawunsa ya ce haɗa min, ya haɗa, wataƙila ma ko kuɗin mai ba ka ba shi ba tunda ɗan gida ne. Da bare ka ɗauko ka biya shi ai da ka tsare shi ka ce rubuta min abin da ka yi kafin ka karɓi cikon kuɗinka, amma da yake ɗan yayarka ne sai kunya ta hana ka tambaya, shi ma kunya ta hana shi ya ce kawu zo ka zauna in nuna maka.

Lambobin nan da ka raina su ne suke faɗa maka inda matsalar take, kyauta. Tsarin tashi ta netiwok ana ce masa PXE, kuma matakinsa a jere yake: kwamfuta ta fara roƙon adireshi daga DHCP, wato mai raba adireshi a netiwok, a faɗa mata sunan fayil ɗin da za ta tashi da shi da inda yake, sannan ta jawo shi ta hanyar tura fayil da ake kira TFTP. Kowane mataki in ya karye da lambarsa. In ka ga PXE-E61, kebul ne, ko bai shiga ba ko ya mutu ko ramin suwic ɗin ne, wato akwatin da duk kebul ɗin ke haɗuwa a cikinsa. PXE-E51 na nufin ta yi kira ba wanda ya ba ta adireshi. PXE-E53 ta samu adireshi amma ba a faɗa mata sunan fayil ba. PXE-E32 kuma ta san fayil ɗin amma TFTP bai amsa ba, sau da yawa katangar tsaro ta sabar ce ta toshe ƙofa ta 69. Ka ga abu huɗu daban daban, magani huɗu daban daban, kuma babu ɗaya a ciki da sunansa miliyan 2.

Na taɓa kwana a wani ɗakin kwamfuta a Bauchi, shekaru sun ɗan ja, kwamfuta wajen 40 rabi suna tashi rabi suna ba mu E53, kuma ba waɗanda suka ƙi ɗazu ba ne suke ƙi yanzu, abin kamar shafar aljanu. Mai wurin har ya fara kiran wanda ya sayar masa da suwic a Legas yana masa faɗa. Sai wajen asuba na sunkuya ƙarƙashin teburin sakatare na tarar da ƴar ƙaramar rauta ta intanet an soka kebul ɗinta a cikin suwic ɗinmu don a samu a yi WhatsApp. Ita ma tana raba adireshi, duk kwamfutar da ta riga jin muryarta sai ta bi ta, ita kuma ba ta san wani fayil na tashi ba. Na zare kebul ɗaya, komai ya daidaita. Janareta ta sha mai dare guda a banza, kuma da akwai takarda a manne jikin bango mai nuna wane kebul ne ya tafi ina, minti biyar ya isa. Ka je ka duba makarantar nan taka, zan yi mamaki in babu irin wannan rautar.

Amma abin da na fi zargi a wajenka shi ne kayan ba iri ɗaya ba ne. Duk wanda ya san kasuwar kayan hannu ya san in an ce maka guda 120 to tsince-tsince ne aka haɗa daga wurare, wasu Dell OptiPlex, wasu HP, wasu ma samfuri ɗaya ne amma saitinsu ya bambanta. Tsofaffi suna tashi da tsohon tsarin BIOS, sababbi da UEFI, kuma fayil ɗin tashin kowanne daban ne. In manhajar raba imej da ake kira FOG yaron ya saka maka, na tsohon tsari shi ne undionly.kpxe, na UEFI kuma ipxe.efi, in sabar tana miƙa wa kowa guda ɗaya to rabin ɗakin zai tsaya yana kallonka. Ga Secure Boot, wani saitin tsaro na UEFI, da ke hana wasu tashi in ba a kashe shi ba. Ga kuma ɗan batirin nan mai kamar kwabo a jikin babban allon kayan cikin kwamfuta (madabod), CR2032, in ya mutu duk saitin da ka yi yau da zarar an ɗauke wuta ya goge, gobe ka dawo ka tarar da ita kamar ba ka taɓa ta ba. Masu shuɗin allo kuwa ka duba ko INACCESSIBLE BOOT DEVICE suke rubutawa, in shi ne to yawanci imej ɗin an ɗauke shi a kwamfutar da saitin diskinta ke kan AHCI su kuma nasu saitin yana kan RAID, juya saiti ɗaya ne. Kuma ka tambayi yaron ko ya yi Sysprep, wato shirya Windows yadda za ta zauna a wata kwamfutar, kafin ya ɗauki imej ɗin. Sannan in manhajar kwafar diski da ake kira Clonezilla ce, ba ta son a zuba imej ɗin babban diski a kan ƙarami, wanda aka ɗauka daga 500GB ka ce ya shiga 250GB za ta tirje.

Duk wannan da na lissafo ba don ka zama injiniya ba ne. So nake ka ga cewa kowace tambaya amsarta layi ɗaya ce a littafi. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, irin na ƴan makaranta ma ya isa, da salatif da maka. Ka manna wa kowace kwamfuta lamba daga 1 zuwa 120. Kowace lamba layinta: kamfani da samfuri, girman diski, BIOS ko UEFI, abin da ta rubuta a allo harafi da harafi. Yara biyu za su gama maka 50 ɗin nan tsakanin azahar da magariba. Wallahi in ka gama za ka ga ba matsala 50 gare ka ba, uku ce ko huɗu suka rarrabu.

Sai ka nemi yaron da daddare lokacin da ya samu sarari, ka sa masa kati mai kauri da ɗan abin shan ruwa, ka riƙe biro. Kalmar sirrin saba, adireshinta, inda imej ɗin yake ajiye, daga wace kwamfuta aka ɗauke shi, me da me ke ciki. Kuma a daren nan ka kwafi imej ɗin a wani diski na daban ka kai gida. Na san wani mai cibiya da imej ɗinsa kwafi ɗaya tak yake a duniya, a diskin da yaron shagonsa ke zuba finafinai, diskin ya faɗo daga kan benci saura kwana huɗu ɗalibai su zo, sai da suka koma bin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya dare da rana, kuma ya biya ƴan haya abin da ya cinye ribar aikin kaf.

Maganar suwic, a nan kaɗai zan iya yarda ka taɓa aljihu, shi ma sai ka duba. In tsohon mai gudun megabit 100 a daƙiƙa ne, imej mai 30GB zai ci wajen minti 45 a kwamfuta ɗaya, a gigabit kuwa, wato mai gudun 1,000, minti biyar zuwa goma. Amma kafin ka zagi suwic ka gwada kebul, don gigabit sai duk wayoyi takwas na ciki sun haɗu, in mai matsa kan kebul ya yi ganganci guda ɗaya ta kuɓuce sai ya koma gudun 100 shiru ba sallama, kuma in ana turawa gaba ɗaya a lokaci guda mai jan ƙafa ɗaya ita ke riƙe sauran. Na'urar gwada kebul kuɗinta bai kai cefanen kwana biyu ba.

In kuma ranar miƙa aiki ta matso ba ka gano kan netiwok ɗin ba, kar ka tsaya jayayya da shi. Ka ci ladan kuturu, dole ka yi masa aski. Falash biyar masu Clonezilla da diskin waje, kowace kwamfuta minti 20 ko kusa da haka, kwana biyu ka gama 50 ka karɓi cikon 180,000 ɗinka da mutuncinka. Mai makaranta bai damu ko ta kebul ta shiga ko ta falash ba, shi dai yara su zauna ta kunnu.

Yanzu batun Yola da Bauchi. Alhaji hangen Dala ba shiga birni ba ne. E gaskiya ne tun 2015 da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya cibiyoyi sun yawaita kuma akwai aiki, amma aikin na lokaci ne, ana rububinsa kafin jarrabawa sannan a yi tsit, kuma mafi yawan manyan cibiyoyin suna da nasu yaron da ke kwana a wurin. Yi lissafi da kanka, a naira 4,000 sai ka yi kwamfuta 500 kafin ka haɗa miliyan 2, ban cire mai ba, ban cire kuɗin mota ba, ban cire ladan yara ba, ban sa abin da mai ba da bashi zai ɗora ba. Kuma 4,000 ɗin ma ka yi araha don ka yanka farashi kafin ka ga kayan. Nan gaba ka ce sai ka kunna biyar daga kowane samfuri tukuna, farashin kaya iri ɗaya daban, na gauraye daban, kuma a rubuta wa zai biya lasisin Windows, musamman yanzu da Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0 wanda da yawa daga tsofaffin nan ba su da shi. In ba a rubuce yake ba ranar da rigima ta tashi kai za a ce ka saka.

Ka cika littafin ka ɗauko min hoton shafukan, da lambobin kamar yadda suke a allo, kar ka ce min "wani E ne da wani abu". In na gani zan faɗa maka waɗanda za ka fara taɓawa.