Bugun zuciyar Baba ba ya tafiya daidai, zai iya yin hoton CT na zuciya?

Ɗan'uwa sannu, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce likita ya gano yana da AF, wato saman zuciyarsa na karkarwa bugun yana zuwa a hargitse, kuma wani ya ce maka mai wannan ciwo ba ya yin CT. Gaskiya yana yi, sai dai akwai wahala.

Na'urar tana ɗaukar hoton ne a ɗan lokacin da zuciya ta lafa tsakanin bugu da bugu, to shi mai AF tazarar nan ba ta da tsari, shi ya sa a tsofaffin na'urori hoton jijiyoyin kan fito dishi-dishi, amma sababbi masu yanka 256 ko 320, wato yawan siraran hotunan da suke ɗauka a zagaye ɗaya, suna iya kama zuciyar gaba ɗaya a bugu guda. Don haka ka tambayi wace iri ce a asibitin tun kafin ka biya kuɗi.

Yawanci ana so bugun ya sauko kusan 60 a minti, za su iya ba shi metoprolol, maganin rage saurin bugun zuciya, in yana da asma ku faɗa musu tun farko. Ranar hoton ban da kofi ban da goro. A gwada ƙodarsa ma, saboda ruwan allurar da ake sa wa a jijiya.

In gudan jini ake nema a cikin zuciyar, CT na nunawa, amma wani lokacin sai an zura na'urar eko, mai ɗaukar hoton zuciya da sauti, ta maƙogwaro a tabbatar. Maganin tsinka jininsa kuwa don Allah kar ya daina sha sai likitansa ya ce.