Ku Tambayi Likita: Fitsari Rawaya, Septrin da Mai Maganin "Juya Jini"

Tambaya: Likita, tunda na fara shan bitamin B fitsarina ya koma kamar ruwan ɗorawa. Ko shawara ce? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Ba ita ba ce. Launin bitamin B2 ke nan, rarar da jiki bai buƙata ba ƙoda ke zubarwa. Amma in farin idonka ya yi rawaya, ka tafi asibiti.

Tambaya: Duk lokacin da yarona ya fara gudawa Septrin nake sayo masa a kemis. Da laifi? Uwa daga Maraɗi.

Amsa: Da laifi, baiwar Allah. Bakteriya da kansu suke haɗa folik asid ɗin da suke rayuwa da shi, Septrin kuwa wannan hanyar yake toshe musu. To yawancin gudawar yara bairos ke kawo ta, shi kuwa ko a jikinsa. Sai dai ki karkashe ƙwayoyin kirki na hanji, har da masu samar da bitamin K. Ruwan gishiri da sukari za ki ba shi, da zink na kwana 10 zuwa 14. In kin ga jini a kashinsa ko ya ƙi shan komai, sai asibiti.

Tambaya: 'Yata mai sikila ce, SS. Wani mai magani ya ba mu jiƙo, muka sake gwaji ya nuna AS. Mu daina zuwa asibiti? Magidanci daga Gusau.

Amsa: Don Allah malam kada ku daina. Wannan maganar ta "juya jini", wai jiƙo na iya mayar da SS ya koma AS, tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ga yadda ake gwajin. Ana fasa jajayen ƙwayoyin jini, a ɗiga ruwan a kan wata 'yar jiƙaƙƙiyar takarda, a sakar mata lantarki. Furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini, wato himogulobin, sai ya kama tafiya. Nau'in A ya fi sauri, S na biye, C can baya. Kowanne ya tsaya a layinsa, ma'aikacin lab ya karanta. Da irin wannan dabarar ta lantarki Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna a 1949 cewa himogulobin mai sikila daban yake. Daga baya Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya gano ɗan ƙulli ɗaya tak ne ya sauya cikin 146 da ke jere a ɗaya daga cikin sarƙoƙin da suka haɗu suka yi himogulobin. Gado ne daga uwa da uba, a ɓargo ake ƙera shi. Ta ina jiƙo zai shiga can? Dashen ɓargo ne ke iya sauya shi, wannan kuwa babban aikin asibiti ne.

Ni zargina ɗaya: an yi mata ƙarin jini kwanan nan? Jinin wanda ya bayar yakan kai wata uku yana yawo a jikinta, sai layin A ya fito kusa da na S, a rubuta AS. Lab ma yakan yi kuskure, musamman in kayan aikin sun kwana biyu. Ku bari wata uku ya cika bayan ƙarin jinin, ku sake gwaji a babban asibiti.

Kafin nan ta ci gaba da folik asid ɗinta da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro, ta riƙa shan ruwa sosai, ta kwana a gidan sauro. Jiƙon nan a ajiye shi, ba mu san abin da yake yi wa ƙodarta ba. In ta yi zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, ko tafin hannunta ya yi fari fat, ku kai ta asibiti ko da tsakar dare ne.