Me Ya Kai Fayil ɗin PowerPoint Intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce. Wata abokiyar aikina ta turo mini fayil ɗin PowerPoint na darasi mai shafi 32, rubutu ne da hotuna kawai, ita ma wani ne ya ba ta. Duk sanda na buɗe shi sai manhajar tsaron kwamfutata ta fito da gargaɗi wai PowerPoint yana neman fita intanet, ga shi yana da nauyin buɗewa. Ban lura sauran fayilolina suna haka ba. Me ya haɗa darasi da intanet? Bairos ne? Ta yaya zan gane inda yake zuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ruwa ba ya tsami banza, kuma kin kyauta da kika tsaya tambaya maimakon ki danna amincewa don gargaɗin ya rabu da ke. Amma kada ki yanke wa fayil ɗin hukunci tukuna. Mafi yawan irin wannan da aka kawo mini, sakaci ne na wanda ya haɗa shi, ba mugunta ba.

Fayil ba ya fita intanet da ƙafarsa. Takarda ce a ajiye. Manhajar da ta buɗe shi ita ce mai fita, ko dai don buƙatar kanta, ko don ta karanta wani umarni a cikinsa da ya aike ta. Waɗannan biyun za mu fara rabawa, don PowerPoint na yanzu ba ya zama shiru ko da ba ki ba shi komai ba. Yana duba lasisinsa, yana neman sabuntawa, yana aika wa Microsoft bayanan yadda ake amfani da shi. Idan fayil ya zo da nau'in haruffan da babu a kwamfutarki amma Microsoft na da su a ajiye, zai je ya ɗauko. Idan Designer a kunne yake, wato sashen nan da ke ba da shawarar tsarin shafi, shi ma sai ya tura abin da ke shafin zuwa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu da ke intanet, kafin ya kawo shawara. Fayil ɗin da ke zaune a OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, kuwa kullum cikin kai da komo yake.

Don haka ki buɗe PowerPoint shi kaɗai, ki ƙirƙiri sabon fayil fanko, ki jira minti biyu. Idan gargaɗin ya fito a nan ma, to halin manhajar ne, wataƙila a baya ba ki lura ba ne kawai. Kina iya rage wannan zirga-zirgar ta File, sai Account, sai Account Privacy. Idan kuwa shiru, sai wancan fayil ɗin kaɗai ke tayar da ƙura, to kada ki sake buɗe shi. Za mu leƙa cikinsa ta bayan gida, ba tare da PowerPoint ba.

Tun daga Office 2007, fayil mai ƙarewa da .pptx ba dunƙulallen abu ba ne. Ƙunshin ZIP ne da aka sauya wa suna, cike da ƙananan fayilolin rubutu da hotuna. Ki kwafe shi gefe guda, kada ki taɓa na asali. Ki sauya ƙarshen sunan kwafin daga .pptx zuwa .zip. Idan ba kya ganin ƙarshen suna, ki kunna File name extensions a ƙarƙashin View na taga mai nuna fayiloli. Windows zai tambaya ko kin tabbata, ki ce e, sannan ki warware ƙunshin. Mai 7-Zip, manhajar warware irin wannan ƙunshi, ma ba ya buƙatar sauya suna. Kallon waɗannan fayiloli da Notepad ba ya tayar da komai, matuƙar ba ki danna abin da ke cikin foldar embeddings ba.

Za ki tarar da folda mai suna ppt. A cikinta akwai media, inda hotuna da bidiyon da aka cusa a jikin fayil suke zaune, da slides, inda kowane shafi yake da nasa fayil. A cikin slides akwai wata ƙaramar folda, _rels, ita ce muka zo nema. Kowane shafi yana da takarda a nan da ke lissafa abubuwan da yake jingine da su. Ki buɗe slide1.xml.rels da Notepad, ki nemi kalmar External. Layi irin wannan muke farauta:

Target="http://wani-wuri.example/tambari.png" TargetMode="External"

Ma'anarsa, abin ba ya cikin fayil ɗin, yana waje, ga adireshinsa. Shafi 32 ba za ki bi su ɗaya-ɗaya ba. Ki shiga foldar da kika warware, ki rubuta cmd a sararin adireshi na sama, ki danna Enter, sannan ki rubuta findstr /s /i /m "External" *.rels a baƙar tagar da ta fito. Zai jero miki sunayen takardun da ke da mahaɗin waje kaɗai.

Ga wani tarko da ke tsorata kusan duk wanda ya fara wannan aiki. Za ki ga adireshi barkatai masu farawa da schemas.openxmlformats.org ko schemas.microsoft.com, a kowace takarda. Ki share su. Laƙabi ne da ke bayyana tsarin rubutun, ba wanda ke zuwa can. Abin da ke gaban Target, a layin da ke da External, shi ne abin dubawa.

Kuma ba kowane External ne ke fita da kansa ba. A layin akwai Type, ki dubi kalmarsa ta ƙarshe. Idan hyperlink ce, mahaɗi ne na dannawa, yana kwance sai an taɓa shi. Idan image ce ko video ko audio ko oleObject, to biri ya yi kama da mutum, don waɗannan manhajar na buƙatarsu kafin ta zana shafin yadda ya kamata.

Yadda suke shiga kuwa, sau da yawa mai fayil bai ma sani ba. Wajen saka hoto akwai zaɓin Link to File, wanda ke ajiye adireshin hoton kawai don fayil ya yi sauƙi. Wani ya kwafo jadawali daga Excel ya liƙa da mahaɗinsa, sai jadawalin ya riƙa neman uwarsa a sabar ofishin da ya baro. Irin wannan a ppt/charts/_rels za ki same shi. Wani ya saka bidiyon YouTube, wanda ba ya shiga fayil ko kaɗan, taga ce kawai da ke kallon can. Akwai kuma ƙananan manhajojin ƙari, irin na ƙuri'ar jin ra'ayi ko taswira, waɗanda ainihinsu shafin intanet ne a cikin shafin darasi. Foldar webextensions ce alamarsu.

Kada ki tsaya a slides. Na taɓa cin rabin yini a kan wani fayil da ke daskarewa kamar rabin minti duk sanda aka buɗe shi. Na bi shafuka kaf, ban ga komai ba, har na fara zargin kwamfutar. Ashe wani ɗan tambari ne a kusurwar ƙasa, wanda idona ya saba da shi har na daina ganinsa. A uwar shafuka aka saka shi, wato slideMasters, kuma mahaɗi ne zuwa wata sabar ma'aikata da aka kashe shekaru da suka wuce. Manhajar na ƙwanƙwasa ƙofar kango, ta jira, ta gaji, sannan ta buɗe. Mutum nawa suka gaji wannan fayil suna sauya rubutu, ba wanda ya san da zaman mahaɗin. Nauyin buɗewar da kika ambata shi ya tuna mini da wannan, kuma da za a ce in yi hasashe, nan zan fara dubawa, tare da slideLayouts da notesSlides. Umarnin findstr ɗin can ya haɗa da su duka.

To, in kin samu adireshin, sai karatunsa. Sunan gaskiya na wurin shi ne ɓangaren da ke dab da alamar / ta farko bayan http:// ɗin, daga dama ake karanto shi. Adireshi kamar microsoft.com.wani-wuri.example ba na Microsoft ba ne, na wani-wuri ne ya ari riga. Idan hoto ne sananne a shafin da kika gane, ba wata matsala sai dai mai shafin yana iya ganin lambar adireshin intanet ɗinki da lokacin da kika buɗe. Wasu da gangan suke amfani da wannan: su ɓoye hoto mai girman ɗigo guda, fari a kan fari, don su san wa ya buɗe takardarsu da yaushe. Kamfanoni ma kan yi haka don gano ko an fitar musu da takardun sirri. Leƙen asiri ne mara daɗi, amma ba ya lalata kwamfuta.

Wanda ke sa ni gyara zama shi ne adireshin da ya fara da karan baya biyu, \\, ko file:// da sunan wata na'ura ko lambobi tsirara da ba ki sani ba. Wannan hanyar raba fayil ce ta Windows, mai bi ta ƙofar sadarwa mai lamba 445. Idan Windows ya je ɗauko abu ta nan, yakan gabatar da kansa, ya miƙa sunan mai amfani da wata shaida da aka sarrafa daga kalmar sirri. 'Yan kutse na tara irin wannan shaida su yi ta gwaji har su fasa, musamman in kalmar gajera ce. A Oktoban 2014 an bankaɗo wani hari na ƙungiyar da ake kira Sandworm, inda fayil ɗin PowerPoint ke janyo wasu fayiloli daga sabar nesa ta wannan hanya, su girka muguwar manhaja. Microsoft ya toshe ɓarakar a watan. A 2017 kuma aka ga wasu fayilolin .ppsx da ba sa ma buƙatar a danna komai, ɗora linzamin kwamfuta a kan rubutu kaɗai ke yunƙurin tayar da PowerShell, manhajar Windows mai aiwatar da umarni. Dukansu biyun ba su dogara da makiro ba, wato jerin umarni da ake sakawa a cikin fayil don ya yi aiki da kansa, shi ya sa ba na yarda da zancen "ai babu makiro, lafiya lau ne".

Duk da haka ki dubi ƙarshen sunan. Fayilolin .pptm da .ppsm su ne masu ɗaukar makiro, kuma za ki ga vbaProject.bin a foldar ppt. Darasi mai rubutu da hotuna ba shi da hujjar ɗaukar wannan. Daga 2022 Office ya fara toshe makiro na fayilolin da suka zo daga intanet kai tsaye. Shi kuwa .ppsx, da an danna shi sai ya cika allo ya fara nuni, ba ya ba ki damar dubawa tukuna, don haka na fi son buɗe shi daga cikin PowerPoint ta File da Open.

A nan Protected View ke da rana, wato launin rawayan nan da ke fitowa a sama idan fayil ya zo ta imel ko burauza. Tun Office 2010 yake, kuma muddin ba ki danna Enable Editing ba, fayil ɗin a killace yake. Sai dai alamar da Windows ke mannawa don ya san fayil daga intanet ya zo tana iya faɗuwa a hanya, misali in an bi da shi ta filashi ko wasu manhajojin warware ZIP. Fayil ɗin da ya bi hannu uku kamar naki, ba mamaki ya iso babu ita.

Idan kina son ganin abin da idonki yana faruwa, bayan kin tabbatar adireshin ba mai haɗari ba ne, ki danna maɓallin Windows da R, ki rubuta resmon, ki shiga Network, ki sa alama a POWERPNT.EXE, sannan ki buɗe fayil ɗin. Ki kwatanta jerin da na fayil fanko. Abin da ya ƙaru shi ne na fayil ɗin. Wata manhajar Microsoft mai suna TCPView ta fi nunawa sarai. Ki sani dai cewa fita ta ƙofa ta 445 ba ta bayyana da sunan PowerPoint, a ƙarƙashin System take fitowa, kuma wani lokaci lambobi za ki gani ko sunan kamfanin da ke rarraba wa Microsoft kaya, shi ya sa na fi gaskata abin da ke rubuce a cikin ƙunshin. Tsohon .ppt na kafin 2007 da fayil mai kalmar sirri ba sa warwaruwa ta ZIP. Su sai dai a buɗe su a Windows Sandbox, wato killataccen wurin gwaji na Windows, ko a kwamfutar da aka cire wa intanet.

Gyaran ba wuya. A File, sai Info, akwai Edit Links to Files, wanda ke bayyana idan akwai mahaɗai. Ki zaɓa ki danna Break Link. Ba komai yake nunawa ba, don haka hoto ko tambarin da ya ƙi, ki goge shi ki saka sabo daga kwamfutarki, ki adana, ki sake warware ƙunshin ki tabbatar External ɗin ya tafi. Idan nunawa kawai za ki yi a aji, ki mayar da shi PDF ki huta.

Idan kuwa kin ci karo da karan baya biyu da baƙon adireshi, ko makiro mara dalili, kuma kin riga kin danna amincewa a baya, ki sauya kalmar sirrin Windows ɗinki yau, ki sa manhajar tsaro ta binciki kwamfutar gaba ɗaya, ki sanar da mai kula da kwamfutocin makarantarku da abokiyar aikin taki, don ita ma ta buɗe shi. Kina iya liƙa adireshin a VirusTotal, shafin da ke bincikar fayiloli da adireshi, ki ga abin da aka sani a kansa. Adireshin na ce, ba fayil ɗin ba: abin da aka ɗora a can masu bincike na iya saukewa, kuma darasin naki wataƙila yana ɗauke da sunayen ɗalibai.