Wane zango na Stranger Things ya fi daɗi?

Malam, ka tambayi wane zango ya fi a shirin nan mai dogon zango na Stranger Things, da kuma ko akwai kashin da za ka iya tsallakewa. Ni dai na farko, na 2016, nake ba kambu. Kashi 8 ne kacal, babu jan rai. Yaro Will ya ɓace a garin Hawkins a 1983, mahaifiyarsa Joyce ta rataya ƙananan fitilu a bango, ta rubuta harafi a ƙarƙashin kowace, shi kuma daga can wata duniyar yana kunna su ɗaya bayan ɗaya yana ba ta amsa. Wurin nan har yau yana tayar mini da tsigar jiki.

Da yawa za su ce maka na huɗu, na 2022, saboda kashi na 4, inda yarinya Max ta kuɓuta daga hannun dodo Vecna albarkacin waƙar da abokanta suka sa mata a kunne. Gaskiya ya yi. Amma zangon ya cika tsawo, kashin ƙarshe ma ya haura awa biyu, ga labarin ɗan sanda Hopper a kurkukun Rasha sai jan ƙafa.

Batun tsallakewa kuwa, kashi na 7 a zango na biyu, wanda Eleven, yarinyar nan mai baiwa ta musamman, ta tafi Shikago, shi masoya suka fi kuka da shi. Ko ka wuce shi, labarin ba zai rikice maka ba.