Faya ta fashe a wata bakwai, yaron zai girma lafiya?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana. Kin ce fayarki ta fashe ciki na sati 31, kika haihu bayan kwana biyar, kina tsoron ko abin zai taɓa ƙwaƙwalwar yaron nan gaba.

Gaskiya ba fashewar ce kanta ke kawo matsala daga baya ba, abu biyu ake dubawa, satin da aka haife shi da kuma ko ƙwayar cuta ta samu shiga mahaifa, irin wadda ke zuwa da zazzaɓi da ruwa mai wari. Wanda ruwan ya tsiyaye tun kafin sati 24 shi ne huhunsa ke shan wahala sosai. Irin naki na wajen sati 32 kuwa yawanci suna tashi garau, balle in an miki allurar nan ta dexamethasone, wadda ake yi wa mai ciki kafin haihuwa don huhun jariri ya yi ƙwari.

Abin da na fi so ki riƙe, kar ki auna shi da yaran maƙwabta. Ya riga lokacinsa da wata biyu, to in ya cika wata takwas ki ɗauke shi ɗan wata shida, haka likitoci ke lissafi har ya shekara biyu, ko da kakarsa na ta mitar bai fara zama ba.

Amma fa a gwada masa ji da ido. In kuma kin ga jikinsa na sandarewa ko ya saki ba ƙarfi, ko hannu ɗaya kawai yake miƙawa, ki kai shi wurin likitan yara kar a tsaya jiƙe-jiƙe.