Ƙaramin Akwati Ko Wayar Aljihu? Amsoshin Masu Neman Kwamfutar Tebur

Tambayoyi uku na ɗauko a wannan makon, dukkansu daga nan Kumasi, kuma duk a kan ƙananan kwamfutocin nan na tebur da suka fara cika shagunan Adum, waɗanda mutum zai iya sa ɗaya a jaka ya hau trotro, wato ƙaramar motar haya, da ita.

Malam, ina da shagon buga takardu a Aboabo. Ina fotokwafi, ina cike fom, ina duba wa yara sakamakon WASSCE. Tsohuwar kwamfutata mai dogon akwati ta fara tari, ga shan kuɗin mita. Na so in sayi ƙarama, sai ɗan yayata ya ce kada in zubar da kuɗi, wai an kusa daina yin su, waya ce za ta riƙa yin komai. In jira ne?

Alhaji, kada ka jira. Yaron bai yi ƙarya ba, sai dai wutsiyar labarin ya kama.

Wannan alkawari na waya ta zama kwamfuta ya kwana biyu. Tun 2011 Motorola ta fito da wayar Atrix wadda ake cusawa a bayan wani allo mai madannai. A 2015 Microsoft ta gwada nata da Lumia 950. Yau ka zaga Kejetia kaf ka nemo mini mai amfani da ɗaya daga cikinsu. Wanda ya rayu shi ne DeX na Samsung, tsarin da ke mayar da waya kamar kwamfuta in an jona ta da allo, da ya zo tare da Galaxy S8 a 2017. A 2025 kuma Google ta tabbatar da cewa za ta haɗe Android na waya da ChromeOS na kwamfuta wuri guda. Ka ga akwai inda ɗan yayarka ya tsinto zancensa.

Abin da bai lura da shi ba, haɗuwar ta fi ƙarfi ta ɗaya ɓangaren. Ƙwaƙwalwar waya ce ta yi ƙaura ta shiga cikin kwamfuta. A Nuwamban 2020 Apple ta sa wa ƙaramar kwamfutarta Mac mini ƙwaƙwalwar M1, wadda zubin gininta ɗaya ne da na ƙwaƙwalwar iPhone, wato tsarin ARM. A 2024 Qualcomm, mai yi wa wayoyin Android ƙwaƙwalwa, ya sa tasa mai suna Snapdragon X a cikin kwamfutocin Windows. Sakamakon haka akwati ya tsuke, zafi ya ragu, shan wuta ya ragu. Ko da Intel ta wanke hannunta daga ƙananan kwamfutocinta na NUC a 2023, ASUS ce ta karɓa ta ci gaba, ga kuma kamfanonin Sin irin su Beelink da Minisforum sun cika kasuwa. Abin da ake shirin binnewa ba a yi masa irin wannan rububin.

Mu dawo shagonka. Ka ɗauka waya ce kwamfutarka, an jona ta da allo da firinta, mutum biyar na tsaye, ana tsakiyar cike wa wata fom ɗin fasfo sai ga kira daga gida. Ko ka tafi Juma'a, yaron shago ya zauna da allo babu rai domin kwamfutar tana aljihunka. Shago yana son abin da ke girke wuri guda, ya kwana a nan ya tashi a nan.

Shawarata, ka nemi ta hannu irin wadda ofisoshin Turai suka sallama, wadda muke ce wa hom-yus: Dell OptiPlex Micro, ko HP EliteDesk Mini, ko Lenovo ThinkCentre Tiny. An yi su ne domin su wuni a kunne, ana buɗe su cikin sauƙi, masu gyara sun san cikinsu. Amma ga inda ake cutar mutane. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a hukumance tana son ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama. Ka sa mai shago ya kunna ta a gabanka ka karanta lambar ƙwaƙwalwar da idonka, lambar farko bayan i5 ita ce zubin. In ka ga i5-8500T, madalla. In ka ga i5-6500T ko i5-7500T, ka ajiye masa kayansa, ko da ya ce ya riga ya sa mata Windows 11, domin ta ƙofar baya aka shigar da ita. OptiPlex 3060, EliteDesk 800 G4 da ThinkCentre M720q duk 'yan zubi na 8 ne. RAM, wato wurin da take riƙe aikin da take kan yi, kada ya gaza gig 8, in da hali 16, ma'adanar fayil kuma ta zama SSD, wato irin mai saurin nan. Ka tabbatar BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna ta, ba a kulle yake da kalmar sirrin tsohon ofis ba, kuma caja tata ce ta asali.

Kada ka sayi mai Snapdragon domin wannan aikin. Tsofaffin firintoci da na'urorin sikanin da yawa ba su da manhajar da ke haɗa su da Windows ta ARM, kai kuwa firinta ce jarinka.

Batun mita, cajar irin waɗannan yawanci wat 65 ce, kuma ba ta kai nan in rubutu kawai ake yi. Za ka ga bambanci. Sai dai ba ta da batir ko kaɗan. Kamfanin wuta na ECG na ɗauke wuta ta mutu nan take da aikin da ba ka adana ba, don haka ka lissafa kuɗin ƙaramin UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe ta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, a cikin cinikin tun farko. In hunturu ya shigo kuma, ka riƙa buɗe ta kana busa ƙura, fankar ƙarama ce, ba ta da haƙuri.

Malam, ni ɗalibi ne a jami'ar KNUST, a Asawase nake. Kuɗina bai kai na laftof ba. In na sayi allo da madannai da linzami, wayata za ta iya zame mini kwamfuta?

Ƙanena, ba ka faɗi wace waya ce ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto zuwa allo ba. Yawancin Tecno da Infinix da itel da muke riƙe da su, har da mafi yawan Galaxy A, raminsu na caji ne da tura fayil kawai. Ka sayi igiyar HDMI mafi tsada a Adum, allon zai ci gaba da kallonka baƙi ƙirin. In kuwa Galaxy S ce ko Note, daga S8 da Note 8 zuwa sama, yawanci DeX na nan ciki. Ka sayi ɗan abin jonawa mai ramin HDMI da na USB da na caji, ka ga tagogi sun buɗe kamar na kwamfuta.

Zai ishe ka rubuta aikin aji, karanta PDF, bincike a intanet da kallon darasi. Amma ka tambayi 'yan ajin da ke gabanka wace manhaja sashenku ke amfani da ita. In cikakkiyar AutoCAD ce ko SPSS, Android ba za ta ɗauka ba. Kuma wayar da ke wuni a jone tana zafi, batirinta kan gaji da wuri.

Ga wani lissafi da nake so ka yi kafin ka taɓa kuɗinka. In sai ka sayi sabuwar waya domin ka sami DeX, ka haɗa da kuɗin allo da madannai, sannan ka je ka tambayi kuɗin laftof hom-yus. Ɗalibi mai yawo tsakanin Asawase da Tek, wato KNUST, da zama laburare, da ɗaukewar wuta da daddare, abin da ke da allonsa da batirinsa a jikinsa ya fi masa rufin asiri. Ni dai da ɗana ne, laftof zan ce.

Malam, ina haɗa bidiyon biki da suna. Yayana da ke Amurka ya ce zai aiko mini da Mac mini. Za ta yi aiki da wutarmu, kuma wacce zan ce ya saya?

'Yar'uwa, Allah ya saka wa Yaya. Za ta yi, tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, kan filogi kawai za ki canza. Mai ƙwaƙwalwar M4 da ta fito a ƙarshen 2024 faɗinta santimita 12.7 ne kowane gefe, ta fara da RAM gig 16, kuma dala 599 aka sa mata lokacin fitowarta. Bidiyon biki ba zai sa ta gumi ba.

Sai dai ta gaji halin waya: RAM ɗinta a manne yake, ba a ƙarawa daga baya. Abin da Yaya ya saya da shi za ki zauna, don haka in aljihunsa zai ɗauka ya ƙara tun a can. Ma'adanar gig 256 ta ƙaramar kuwa, biki biyu ko uku na manyan Zango sun cika ta, ki ce ya haɗo da SSD na waje. Ba ta da tsohon ramin USB mai faɗi ko ɗaya, ya sa ɗan abin jonawa a cikin kwalin domin filas ɗin kwastomomi. In ta iso kika rasa maɓallin kunnawa, ki ɗaga ta, a ƙarƙashi suka sa shi.